Matar Da Ke Ba Ƙeya Labari

Yayata kitso take yi, ni kuma ɗinki, kuma shago ɗaya muka haɗa tun kafin furfura ta san hanyar kanmu. Ɗaki ne mai tsawo a bakin titi, mai gyaran waya ta hannun dama, mai sayar da fenti ta hagu. Yaya tana ajiye kujerarta a bakin ƙofa saboda haske, ta ba titi baya, wadda za a yi wa kitso ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafunta tana kallon cikin shago. Kekena kuwa yana can ƙurya, yana fuskantar ƙofa. Ta haka muka raba duk macen da ta shigo gida biyu ba tare da mun yi shawara ba: Yaya ta ɗauki ƙeya, ni na ɗauki fuska.

Wanda ya san Yaya a waje ba zai yarda tana da baki ba. A taron dangi lungu take samu ta zauna, in an tambaye ta abu ta amsa wa ƙasa. Marigayi mijinta yakan ce ya auri mace mai tsadar magana. Amma bari tsinken kitso ya taɓa fatar kan mutum. Tana fitar da tsagar farko za ka ji ta gyara murya ta ce, "Akwai wani mutum," shi ke nan an tafi. Ba tatsuniya ba ce, ba kuma gulmar unguwa ba, ita take ƙirƙirar abinta, kuma daidai kan da ke gabanta take yanka shi. Mai gashi kaɗan ta sami gajeren labari, mai sumar kirki ta tashi da wanda aka yi aure a ciki, aka haihu, har aka raba gado. Na sha ganin matar da kitsonta bai ko fara tsufa ba ta dawo wai kanta yana mata ƙaiƙayi, alhali ni da ita mun san sabon labari ta biyo.

Na taɓa tambayarta yadda take gane labari yana shiga mutum, tunda ba ta ganin ido. Ta ce wuya ne. In wuya ya saki, kai ya fara yi mata nauyi a hannu, labarin ya yi sanyi, sai ta yi maza ta kawo baƙo ko ta kwantar da wani rashin lafiya. In wuya ya miƙe ya sandare, tana kan hanya. In kuwa abin ya kai inda ya kai, matar za ta manta ana riƙe da gashinta, ta waiwayo tana tambayar sai me ya faru. Nan Yaya za ta sa yatsu biyu a haɓarta ta mayar da kan, ta ce, "Zauna daidai, ban gama ba." Wannan maganar na ji ta fiye da ƙarar kekena. Abin da Yaya ba ta gani shi ne abin da ni nake gani daga ƙurya: bakin da aka saki, idon da ya kawo ruwa, matar da ke cizon leɓe tana jin haushin mutumin da babu shi a duniya.

Sai hannu ya ƙi. Da farko yatsunta ne suke kumbura da safe, ta jiƙa su a ruwan ɗumi a ɓoye tana zaton ban gani ba. Daga baya tsinke ya fara suɓuce mata, kitson da take gamawa kafin azahar ya koma kai ta har la'asar. Likita ya duba ya ce gaɓoɓin sun gaji, in tana son ta ci gaba da ɗaura zaninta da kanta, to ta bar kitso. Ta bari. Ba ta daina zuwa shago ba, amma sai ta zauna a kujerar nan hannu a cinya, tana kallon tabarmar da ba kowa a kanta. Ba ci da sha nake jiye mata ba, 'ya'yanta sun girma kuma ba su gaza ba. Shirun ne ya tsorata ni. Matar da ba ta iya magana sai da kai a gabanta, an ɗauke mata kan, ina labaran za su bi? Ina kallonta tana ramewa, na san suna can ciki suna cin ta.

Saboda shirun na sayo ƙaramar talabijin na ɗora a kan kantar zare. Ba ta gyara komai ba, sai dai ta ba Yaya abin yi wa tsaki. Za a fara wasan kwaikwayo, kafin a je ko'ina ta ce ita tun a tsagar farko ta san ƙarshensa, kuma abin haushin, yadda ta faɗa haka yake ƙarewa. Ranar nan aka yi sanarwa cewa gidan talabijin ɗin zai koyar da masu sha'awa yadda ake gina labarin fim, ba a neman takardar makaranta. A ƙarshe kowa zai tsaya gaban manyan gidan ya gabatar da nasa, waɗanda aka zaɓa a ɗauke su. Na tsayar da keke na ce ta ji ko. Ta ce wannan na yara ne. Na ce to ta ci gaba da yi wa akwati tsaki har ya ji ya gyara halinsa. Muka yi kwanaki ba ma shiri, ni bakina ba ya iya shiru, ita kuma gaba ba ta ba ta wuya tunda dama ba magana take yi ba. Ni na kai sunanta, ni na ɗinka mata sabuwar riga, ni na raka ta har bakin ƙofar.

Ajin a saman bene yake, ɗaki mai farin allo da fanka mai kuka, cike da samari da 'yan mata waɗanda duk ta haife su. Mama suke ce mata. Malamin nasu wani siriri ne mai haƙuri, ba ya buɗe baki ya rufe bai ce "a taƙaice" ba, don haka tun makon farko Yaya ta raɗa masa Malam A-Taƙaice, kuma har yau da sunan nake kiransa a bayan idonsa. Abin da ya fara nema shi ne kowa ya faɗi labarinsa a jimla ɗaya: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya, me zai rasa in bai samu ba. Yaya ta dawo shago ranta a ɓace. Ina kan keke ta tsaya a bayana ta zazzage mini, wai jimla ɗaya, sai ka ce za ta aika wa maƙwabta gaisuwa.

Labarin da ta kai musu na san shi, ta taɓa kitsa shi a kan wata malamar asibiti. Tsohuwa ce mai 'ya'ya maza biyu da suka ɓata, suka raba gidan ubansu da katanga. Ɗakin tsohuwar ya faɗo a tsakiya, da ƙofa biyu, ɗaya tana kallon sashen babban, ɗaya na ƙaramin, kuma kowannensu ya dage sai ta toshe ƙofar da ke kallon ɗan'uwansa. Haka yake yanzu da aka wanke shi. A bakin Yaya kuwa, daga kakansu da ya sayi filin ake farawa, a bi ta kan wani direban babbar mota, da surukai, da wata maƙwabciya mai kiwon agwagi, kafin a hango tsohuwar daga nesa. Malam ya jera mutanen a allo, yana nuna su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko wani abu zai canja ga tsohuwar in an cire wannan. In Yaya ta ce a'a, sai ya goge. Ta ce mini mutumin nan ya kashe mata jama'a fiye da annoba. Mai agwagin ce kawai ta hana shi taɓawa, ta ce sai dai a kore su tare.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne zancen kyamara. Yaya ta saba ta ce zuciyar tsohuwa ta yi baƙi, ko ta kwana tana saƙa da warwara, mai sauraro ta ji ta gane. Malam ya ce kyamara ba ta shiga zuciya, abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji kaɗai take ɗauka. In tsohuwar tana son 'ya'yanta daidai wa daida, to a nuna masa ya gani. Yaya ta kwana biyu tana yawo da wannan tambayar, har ta zuba mini gishiri a shayi. Wata safiya muna buɗe shago ta tsaya tana kallon takalmanmu a bakin ƙofa, ta daɗe, sannan ta ce ta samu. Tsohuwar za ta riƙa ajiye takalminta ƙafa ɗaya a wannan ƙofar, ƙafa ɗaya a waccan, don duk ɗan da ya leƙo ya ga alamar uwarsa a sashensa. Ita kuma ta yi ta zagaya ɗaki ba takalmi, ba ta iya fita ta ko'ina. Da ta kai wa Malam, ya ajiye abin rubutunsa ya ce wannan shi ne fim ɗin. Ranar Yaya ta ci abinci har da ƙari.

Na ɗauka mun haye, ashe babbar wuyar tana gaba. Suka zo kan gabatarwa: mutum ya tsaya gaban jama'a, cikin 'yan mintuna ya sa su ga fim ɗin da ba a ɗauka ba tukuna, har su ji suna son a yi shi. Yaran suka yi ta fita suna wurga hannu. Aka kira Mama. Ta fita, ta juyo, ta ga idanu a jere suna jiranta. Ta buɗe baki ta ce akwai wata tsohuwa, sai tsohuwar ta tsaya a nan. Ta sake ɗaukowa, ta sake tsayawa. Ta ce mini ga labarin tana ganinsa, ga baki, amma ba hanya tsakaninsu. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ta koma ta zauna, ta dawo shago ta ce ita ta gama.

Ni kuwa ban ɗinka riga a banza ba. Na ce gwaji za mu yi. Na zauna a gabanta na ƙura mata ido, ta ce in daina kallonta kamar ta ci mini wani abu. Na ce ta kalli goshina maimakon ido, ta ce goshin nawa ma kallonta yake yi. Na tsayar da ita gaban madubin gwada kaya, ta ga kanta ta fara gyara ɗankwali. Na jawo mutum-mutumin da nake sa wa riguna, wanda ko kai ba shi da shi balle fuska, ta dube shi sama da ƙasa ta ce ita ba ta haukace ba tukuna. Raina ya ɓaci, na ce ta koma ta zauna ta ci gaba da gadin tabarma, na juya na hau keke ina taka shi da fushi. Ban yi nisa ba na ji hannu a kafaɗata, na ji an gyara murya a bayana. Labarin ya zubo tun daga katanga har takalmi, ba gargada ko ɗaya, a taƙaice yadda Malam yake so. Na ɗauke ƙafa daga keke na kasa ko motsi. Sai a lokacin na gane abin da yake gabana tun muna yara tana yi mini kitso a tsakar gida: Yaya ba ta taɓa ba fuska labari ba a rayuwarta.

Washegari na rufe shago na bi ta ajin, na tare Malam a matakala na yi masa bayani. Bai yi dariya ba. Ya ce shi bai san wata doka da ta ce dole mai gabatarwa ya tsaya a gaba ba, amma kuma ba zai yi mana alkawari da bakin manyansa ba. Shawararsa ita ce Yaya ta fara a gaba kamar kowa, ta gaishe su ido da ido, don mutanen da za ka yi aiki da su suna son su ga fuskarka. In harshe ya ƙi, ta nemi izini da bakinta. Sauran makonnin ya bar ta tana gwaji a bayan aji, yaran suna kallon allo, shi kuma yana riƙe da agogo yana tsayar da ita duk sanda mai agwagi ta nemi cinye lokacin.

Ranar gabatarwa aka bar kowa ya zo da mutum ɗaya, na sami kujera a jikin bango. Manyan su uku ne a bayan dogon tebur. Shugabar sashen shirye-shirye tana tsakiya, mace mai gilashi da ba ta da alamar wasa, darakta a gefe guda, wani dattijon marubuci a ɗaya gefen yana ta murza biro. Tun safe suke jin labarai, kuma ni da na yi shekaru ina karatun fuska na ga gajiya kwance a tasu. Yaya ta shigo cikin rigar da na ɗinka, ta gaishe su, muryarta ta fita. Ta ce akwai wata tsohuwa. Sai tsohuwar ta sake tsayawa a nan. Fanka tana kuka, darakta ya dubi agogo, ni kuma na damƙe jakata ina addu'a.

"Ranki ya daɗe," in ji Yaya tana kallon tebur, "ni mai kitso ce, ban iya magana a gaban mutum ba. In ba damuwa, ku bar ni in tsaya a bayanku."

Shugabar ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ɗaga kafaɗa ta ce bismillah.

Yaya ta zagaya, ta dafa bayan kujerar shugabar da hannayen nan masu kumburi, ta gyara murya. Ta faɗi jimlarta ɗaya tsaf. Ta gina katangar, ta buɗe ƙofofin biyu, ta ajiye takalmi ƙafa ɗaya nan, ƙafa ɗaya can. Ina kallo biron dattijon ya tsaya. Darakta ya lumshe ido, ba na barci ba, irin na mai kallon wani abu a cikin kansa. Wuyan shugabar ya miƙe, na ga Yaya ta gani, ta rage gudu. Ta kawo su safiyar da babban ɗan ya turo magini da bulo da siminti, tsohuwar tana tsaye a tsakiyar ɗaki ba takalmi, maginin ya ɗaga bulon farko yana tambayarta wace ƙofar. Nan Yaya ta ja numfashi.

Shugabar ta waiwayo gaba ɗaya ta ce, "Wacce ta nuna masa?"

Hannun Yaya bai yi shawara da ita ba. Yatsu biyu suka tafi haɓar matar, suka mayar da kan gaba.

"Zauna daidai, ban gama ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ita ma Yaya ta janye hannun kamar ta taɓa wuta, ta fara ba da haƙuri. Dattijon ne ya fara tuntsirewa, darakta ya bi, shugabar ta cire gilashi tana share ido, ta gyara zama ta kalli gaba ta ce to ta zauna, a ƙarasa mata. Yaya ta ƙarasa. Tsohuwar ta ce wa magini ya toshe duka biyun, ya fasa mata sabuwa ta titi, duk mai son ganin uwarsa ya zagayo ta ƙofa ɗaya da ɗan'uwansa. Sannan ta ɗauko takalmanta ta haɗa su wuri ɗaya a bakin sabuwar ƙofar.

Ba tafi suka yi mata suka sallame ta ba. Sun tsare ta da tambayoyi, har da wadda ba ta da amsarta: me ya haɗa 'yan'uwan tun farko? Yaya ta ce wallahi ba ta taɓa tambayarsu ba, amma za ta je ta yi tunani. Labarinta ya shiga cikin waɗanda aka zaɓa, aka haɗa ta da dattijon marubucin su mayar da shi rubutu. Shagonmu yake zuwa da takardunsa, ya zauna yana kallon kekena, ita tana tsaye a bayansa, su yi ta musu har in kora su waje in sami sararin yanka yadi. Watanni suka yi suna rushewa suna ginawa. A ƙarshe dai mai agwagi ta tafi, don darakta ya ce agwagi ba sa jin umarni. Yaya ta ƙulla gaba da shi, shi kuma bai ma san ana yi ba.

Ranar da za a nuna fim ɗin, da yamma, matan da take yi wa kitso a da suka cika shagon. Malamar asibitin nan ta zo, tana faɗa wa kowa a kanta aka fara yin labarin. Aka shimfiɗa tabarma, mai gyaran waya da mai fenti suka tsaya a bakin ƙofa suna leƙe. Na ajiye wa Yaya kujerarta a gaba, inda za ta fi kowa gani. Ana fara kiɗan buɗewa ta miƙe, ta ja kujerar da ƙafa har ƙarƙashin kantar zare, ta juya ta, ta zauna ta ba talabijin baya.

Na ce, "Yaya, fim ɗinki ne fa. Ga sunanki can ya fito."

Ta ce, "Na san abin da ke ciki. Waɗannan ne ban taɓa gani ba."

Matan ba su ma lura ba, hankalinsu ya tafi. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Aka nuno takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, wata ta dafe ƙirji. Babban ɗan ya ɗaga wa uwarsa murya, wata ta ciji leɓe ta yi masa tsaki. Da magini ya ɗaga bulo, malamar asibitin da ta san ƙarshen tun shekarun baya ta saki baki, hawaye yana bin kumatunta ba ta ko share ba. Yaya ta lalubo hannuna ta riƙe da iya ƙarfin da ya rage wa yatsunta.

A hankali ta ce, "Dama haka suke yi?"

Na ce, "Kullum, Yaya. Tun ranar farko."

Ba ta saki hannuna ba. Har aka gama fim ɗin ba ta waiwaya ko sau ɗaya ba.